Sallah, Sana'a da Girki a Gaya da Ajingi: Baƙon Farko Ɗan Gida Ne

Ranar jajibirin sallah, tun kafin la'asar, titin da ya fita daga Kano ta Hotoro da Mariri ya nufi Wudil yakan cika maƙil. Motocin haya sun yi lodi har bisa rufi, masu babura sun goyo mutum biyu da buhu a tsakani, kowa na sauri kada magariba ta same shi a hanya.

Da an haye gadar Wudil, da yawa daga cikin matafiyan nan gabas suke miƙewa: wasu Gaya, wasu Kademi ko Shagogo, wasu Ajingi, Toranke, Balare ko Gafasa. 'Yan kasuwa ne da ma'aikata da ɗalibai da 'yan ci-rani, sun zo yin sallah a gaban iyaye.

A leƙa cikin kayansu. Shadda da atamfa daga Kantin Kwari, akasarinsu saƙar Sin. Kuloli da robobi daga Ƙofar Wambai. Taliya da lemon kwalba da biskit daga kasuwar Singa. Yara kuma an sayo musu tabarau da bindigar roba.

Bayan kwana uku ko huɗu motocin su juyo, ɗauke da buhun gero da wake da ƙuli-ƙuli da kaji, yawanci tsarabar da dangi suka haɗa kyauta. Kuɗin sallah kuwa tun a birni aka kashe shi. Maƙerin garin da baduku da mai ginin tukwane sun ga taron jama'a, sun yi barka da sallah, amma ciniki bai iso rumfarsu ba.

Wannan na faruwa ne a daidai lokacin da maganar yawon buɗe ido ta dawo bakin hukumomi, musamman tun watan Disambar 2024 da hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. In ana neman misalin wurin da ya mai da al'adarsa abinci, sunan tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya ba ya jimawa bai fito ba. Ko ƙasar Gaya na da abin koyo a can?

Ƙasar maƙera

Gaya na gabas da birnin Kano, tafiyar kilomita 60 da 'yan kai. Ita da Ajingi duk suna iyaka da Jihar Jigawa. A ƙidayar 2006, Gaya na da mutum wajen dubu 200, Ajingi kuma sama da dubu 170, kuma tun daga lokacin jama'a ta ƙaru ƙwarai. Noma ne ƙashin bayan kowa: gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi, sai kiwo.

Sunan Gaya ya girmi wannan lissafi nesa ba kusa ba. Tarihin baka da ya yaɗu ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya yana neman tama da gawayi, ya zauna a gindin dutsen Dala, garin ya ci sunansa. Maƙeran da ake kira Abagayawa daga shi suke jan salsalarsu. Masu binciken kufai kuma sun sami shaidar cewa ana narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7.

Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Gaya a wurare da dama. Ya kawo zuwan Agalfati ɗan Sarkin Machina, wanda ya riƙe sarautar Gaya a zamanin Sarkin Kano Yakubu, mahaifin Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15. Ya kuma nuna cewa mahaifiyar Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya hau a 1703, mutuniyar Gaya ce, kuma a zamaninsa mutanen Gaya sun yi ƙarfi a fadar Kano.

A zamaninmu, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Gaya zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, tare da Bichi da Rano da Ƙaraye. Sarki Ibrahim Abdulƙadir ya rasu a 2021, ɗansa Aliyu Ibrahim Abdulƙadir ya gaje shi. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, sannan a Yuli ta maido da Gaya a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, ƙarƙashinta akwai Gaya da Ajingi da Albasu.

Daga idi zuwa dandali

Wanda ya yi sallah a waɗannan garuruwa ya san ba a rasa abin kallo. Daren sallah mata na ƙunshi da kitso, tela bai runtsa ba, samari na zaune a ƙofar shagonsa suna jiran ɗinki. Da safe a ɗunguma filin idi, a sauko a shiga gaisuwa gida-gida, yara na karɓar goron sallah, kwanukan tuwo na zirga-zirga tsakanin maƙwabta da surukai.

Sai hawa. A da, bisa al'ada, hakimai birni suke tafiya da dawakansu da zagage da makaɗa domin hawan Sarkin Kano, mafi kyawun kwalliyar ƙasa ta ƙare a can. Samun masarauta ya ba Gaya damar ganin nata hawan a ƙofar gida: kakaki da algaita da tambari, 'yan bindiga na tashin ƙura, mahaya na zuwa jahi a guje su ja linzami a gaban sarki, ana ran sarki ya daɗe.

Sai dai hawan ya sha katsewa. An dakatar da shi a 2020 saboda annobar korona. Rundunar 'yan sanda kuma ta hana hawa a faɗin jihar a babbar sallar 2024 da ƙaramar sallar 2025, a tsakiyar rikicin sarautar Kano. Ga mai kallo, nishaɗi ne ya wuce shi. Ga mai ɗinka jalala da mai gyaran sirdi da maƙerin likkafa da mai sayar da harawa, cinikin shekara ne ya tafi.

Ba sallah kaɗai ce lokacin wasa ba. Daga goma ga azumi yara ke fita tashe. Da kaka, in amfani ya shigo rumbu, lokacin dambe ne da kokawa da kalankuwa, Fulani kuma na da sharo. Daren farin wata 'yan mata na gaɗa a dandali, maza na langa, tsofaffi na tatsuniya a tsakar gida.

Yawancin waɗannan sun ja baya. Gidan kallon ƙwallo ya kwashe samari, waya ta kwashe sauran. Yaron da aka haifa a Kano aka kawo shi hutu wurin kakarsa a Kunkurawa ko Gamarya ya fi sanin 'yan wasan Ingila da Sifaniya bisa sunan ɗan damben garinsu.

Zugazugi ya rage huci

Abin da ya sami sana'o'in hannu ba dare ɗaya ya faru ba, kuma ba dalili ɗaya ne ba.

Na farko shi ne araha. Randa da tulu sun haɗu da jarka da bokitin roba, masu sauƙin ɗauka, marasa fashewa. Tabarmar kaba ta haɗu da ta leda. Akushi da ƙwarya sun haɗu da kwanon tasa, sannan langa, sannan kula. Jeren ɗakin amarya, wanda a da ke ciyar da mai faifai da mai sassaƙa da gyartai, yanzu kusan gaba ɗayansa daga kanti yake fitowa.

Na biyu, noman kansa ya sauya. Maganin feshi ya rage yawan shiga gona da fartanya, injin casa da na niƙa sun rage aikin turmi da taɓarya. Maƙeri ya daina dafa tama tun tuni, ƙarafan tsofaffin motoci yake saya, su ma sun yi tsada domin 'yan gwangwan na tattara su suna kai wa kamfanoni. Abin da ya fi riƙe maƙera a yau shi ne garmar shanu da lauje da gatari, ciniki mai tashi gabanin damina ya kwanta bayanta.

Na uku, kayan aiki na ƙarewa. Ƙirya, wadda gawayinta ne maƙeri ya fi so, ta yi wuya. Goribar da ake yankar kaba da ita da ɗorawar da ake samun kalwa suna raguwa a gonaki, saboda sara da rashin dashe. Audugar da mata ke kaɗi da mazari ta kusa ɓacewa daga gonakin Kano, to ina masaƙi zai sami zare?

Na huɗu shi ne raini. Wasu sana'o'in gado, irin su jima da fawa da wanzanci, an daɗe ana kallonsu a ƙasa, har ta kai ga hana aure. Saurayin da ya ga haka, kuma ya ga sa'ansa ya dawo daga birni da babur, da wuya ya zauna yana jan zugazugi. Amsar da ake yawan ji daga bakin matasa ita ce sana'ar ba ta biya, kuma in aka yi lissafin kwanakin da hula guda ke ci a hannun mai ɗinki da abin da dillali ke ba ta, ba ƙarya suka yi ba.

Alhali wannan ƙasa ce da Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851 ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a Kano da ƙauyukanta suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Fatar akuyar da majemanmu suka jeme ita ce ta ƙetara Sahara, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko.

Girki bai ba da kai ba

A fagen abinci ne al'ada ta fi tsayawa da ƙafarta. Taliya da shinkafa sun shigo, amma ba su kori tuwon dawa da miyar kuka ba, balle fura da nono da rana tsaka. Da sallah ana toya waina a tanda, a ci da miyar taushe, ana yin funkaso. Gara ba ta cika ba sai da alkaki da nakiya da dubulan. Bayan layya kuwa gida-gida ana suya da dambun nama, wanda ke yin watanni bai lalace ba.

Akwai kuma na yau da kullum: ɗanwake, dambu, kwaɗon zogale da ƙuli, kantun riɗi, kunun tsamiya, da 'ya'yan itacen daji irin su ɗinya, kanya, magarya da aduwa, kowanne da lokacinsa.

Kusan duk wannan aikin mata ne, a cikin gida. Su ke soya gyaɗa su matse mai, su ke dafa kalwa ta kwana ta zama daddawa. Kuma abin lura shi ne ɗan birni bai raina waɗannan ba. Mutumin da ba zai sayi tulu ba yana roƙon a ajiye masa daddawar gida da man ƙuli na gaskiya. Kasuwa tana nan, abin da babu shi ne mazubi mai tsabta, suna a jiki, da hanyar da kuɗin zai shiga hannun mai yi ba tare da ya zube a tsakani ba.

Abin da Bali ta yi

Bali ƙaramin tsibiri ne mai mutum miliyan 4 da ɗoriya, mafi yawansu mabiya addinin Hindu, a cikin ƙasar da mafi rinjayen mutanenta Musulmi ne. A 2019 baƙi sama da miliyan 6 suka shigo shi daga ƙasashen waje, kuma a 2024 adadin ya koma kusan haka.

Baƙin ba bakin teku kaɗai ke kawo su ba. Ƙauyukan da ke kewaye da garin Ubud kowanne da abin da aka san shi da shi: Celuk ƙirar azurfa da zinariya, Mas sassaƙar itace, Batubulan sassaƙar dutse. Can gabas, ƙauyen Tenganan na saƙa wani ƙyalle mai suna gringsing, wanda ake rina zarensa na tsaye da na kwance tun kafin a ɗora a masaƙa. Baƙo yakan biya kuɗi a kai shi kasuwa da sassafe, a dawo a koya masa haɗa kayan ƙamshi da dafa sate lilit, wato niƙaƙƙen nama ko kifi da ake naɗawa a tsinke a gasa, ko ya zauna gaban maƙeri ya ƙera zoben da zai tafi da shi.

Amma tushen abin ba baƙo ba ne. Mutanen Bali su ne masu sayen kayansu na farko. Kullum safiya mata na saƙa 'yan ƙananan faifai na ganyen kwakwa domin ibadarsu. Bikin Galungan na zagayowa duk kwana 210, kowane gida ya kafa doguwar gora mai ado a ƙofarsa. Ranar Nyepi, farkon shekararsu, tsibirin kan yi tsit na awa 24, har filin jirgin sama a rufe, baƙo ma dole ya zauna a masaukinsa. Tsarin rabon ruwan gonakin shinkafa da ake kira subak, wanda UNESCO ta karrama a 2012, manoma ke gudanar da shi domin kansu.

Hukuma ma ta sa hannu. Tun 1979 ake yin bikin fasahar Bali na wata guda a Denpasar duk shekara. A 2018 gwamnan lardin, Wayan Koster, ya sa dokar sanya tufafin gargajiya duk Alhamis a ofisoshi da makarantu, da wata da ke neman otal-otal su sayi amfanin gona da kayan gida. A 2021 aka ƙara da sanya saƙin endek duk Talata. Wato masaƙi ya sami mai saye tabbatacce kafin jirgin baƙi ya sauka.

Akwai kuma iyaka. Tun a wani taro na 1971 masanansu suka raba raye-rayensu gida uku, suka ware na ibada da ba a yi wa baƙo domin kuɗi, suka bar na nishaɗi a fili.

Baƙi ma da tasu wahalar

Bali ta biya farashi. Otal-otal da gidajen hutu na cinye gonakin shinkafa suna zuƙe ruwan ƙasa. Shara da cunkoson motoci sun addabi kudancin tsibirin. Rashin ɗa'ar wasu baƙi a wuraren ibada ya sa a 2023 aka fitar da takardar abin da aka yarda da wanda aka hana, kuma daga Fabrairun 2024 kowane baƙo na biyan rupiya dubu 150, kimanin dala 10, domin kula da al'ada da muhalli.

Dogaro da baƙi kuma na da hatsari. Harin bam na Kuta a 2002 ya kashe mutum 202, kasuwar ta durƙushe. Korona ta fi muni: tattalin arzikin tsibirin ya ragu da wajen kashi 9 cikin 100 a 2020, ma'aikatan otal da dama suka koma gona.

Shi ya sa a nan gida ra'ayi ya rabu. Masu ɗokin yawon buɗe ido na ganin tarihin Gaya da hawanta jari ne da aka bari a kwance. Malamai da iyaye da dama kuwa na tsoron abin da ke biyo bayan taro: cakuɗuwar maza da mata, shaye-shaye, da farfaɗo da abubuwan da ke da ƙanshin bori ko tsafi. A jihar da ke aiki da shari'a tun 2000, kuma take da Hisba, wannan ba maganar da za a share ba ce. Masu amsa musu na nuni da Lombok, tsibirin da ke maƙwabtaka da Bali, wanda akasarin mutanensa Musulmi ne, ya kuma yi suna da karɓar baƙi bisa tsarin halal.

Akwai na uku, masu cewa a sauko ƙasa. Ƙasashen Turai da Amurka na gargaɗin mutanensu game da zuwa arewacin Najeriya. Ko marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi da Gidan Makama, da ke tsakiyar birni, ba sa ganin baƙin da suka saba gani a da. Tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya ninka. Wa zai gina masauki a Ajingi yana jiran Bature? Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Inda za a fara

In aka auna duka, abin ɗauka daga Bali ba otal ba ne, ba rawa ba ce. Tsarin ne: ɗan gida ya fara saya, hukuma ta tabbatar da kasuwa, al'umma ta shata iyakar abin da za a nuna, sannan baƙo ya zo ya tarar da abu mai rai.

Gaya da Ajingi na da baƙin da ba sa bukatar biza ko talla. Dubban 'ya'yansu na dawowa sau biyu a shekara da kuɗi a aljihu da yara a hannu, ban da bukukuwan aure da suna da saukar karatu. Kusa da su akwai kasuwar shanu ta Wudil da ke ci duk Juma'a, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliko Dangote, da makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, ga Dutse ba nisa.

Abin da za a iya yi bai fi ƙarfin masarauta da ƙananan hukumomi ba. Kasuwar baje koli ta kwana biyu a kashegarin sallah, kusa da fada, inda maƙeri da baduku da mai tukwane da mai daddawa za su kasa kayansu ba tare da dillali ba. Gasar dambe da kokawa da langa da rana, a ƙarƙashin idon dattawa. Rijistar masu sana'a ta hannun sarakunan sana'a irin su Sarkin Maƙera, domin a san waɗanda suka rage da masu koyo a hannunsu. Makarantu su riƙa kai ɗalibai maƙera da masaƙa, a biya mai koyarwa. Kyaututtukan da ofisoshi ke rabawa a taruka su zama gafaka da faifai da hula na gida. Ƙasar Gana ta gwada irin wannan tun 2004 da tsarin sanya tufafin gida duk Juma'a. Hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta SMEDAN kuma na da shirin ƙaramar hukuma ɗaya kaya ɗaya, wanda ƙungiyoyin mata masu man gyaɗa da daddawa za su iya nema.

Masu sana'a ma da nasu aikin. Randa mai famfo da murfi, jakar fata mai ɗaukar kwamfuta, wuƙar girki mai kube: irin waɗannan ne za su shiga gidan ɗan birni. Matasan da ke sayar da shadda ta WhatsApp da TikTok za su iya sayar da su haka nan.

Sharaɗi biyu ne ba makawa. Sai an dasa ƙirya da goriba da ɗorawa, domin babu sana'a in babu kayan yinta. Sannan sai an raba hawan sallah da rigimar siyasa, ta yadda mai ɗinka kayan doki zai san tun watan Sha'aban cewa za a hau, ya ci bashi ya sayi fata da zare ba tare da fargaba ba. Na farko aikin shekaru ne, kuma damina mai zuwa ce lokacin fara shi. Na biyu na hannun gwamnatin jiha da masarautu da jami'an tsaro.